Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Makamashin Nukiliya Ta Najeriya Da Babban Sakataren TETFund Kan Na'urar Harba Ƙwayoyin Zarra Ta Ile-Ife

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe, muna gaishe ku da aiki, da fatan kuna lafiya ku da iyalanku da ma'aikatan da ke ƙarƙashinku. Ni malamin fiziks ne a ɗaya daga cikin jami'o'in Arewa. Na rubuto muku ne da yawun abokan aikina na sassan fiziks da kemistiri da ilimin duwatsu da ma'adinai, da kuma ɗalibanmu masu neman digiri na biyu da na uku. Da gangan muka rubuta ta da Hausa, muka kuma buɗe ta ga kowa, domin iyayen da ke biyan kuɗin binciken nan da mutanen da binciken ya shafi lafiyarsu su ma su ji abin da muke roƙo.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne yawan albishir da muke ji na gina tashar wutar lantarki ta nukiliya. An ambaci Geregu a Jihar Kogi da Itu a Akwa Ibom, an sa hannu a yarjejeniya da kamfanin Rosatom na Rasha a 2017, kuma har gobe zancen yana tashi. Ba mu ƙi ba, Allah Ya nuna mana. Tambayarmu ita ce su wa za su riƙe tashar, kuma a ina suke samun horo yanzu? An kafa Hukumar Makamashin Nukiliya tun 1976, aka farfaɗo da ita a 2006. A cikin cibiyoyin da take kula da su akwai manyan kayan aiki guda biyu da kowane ɗalibin wannan fanni ya kamata a ce ya taɓa da hannunsa. Ɗaya shi ne ƙaramin injin nukiliya na bincike da ke cibiyar CERT a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, wanda ya fara aiki a 2004. A 2018 an yi nasarar sauya masa makamashi zuwa yuraniyam mai rauni, aka mayar wa ƙasar Sin tsohon, kuma wannan aiki ne da ya cancanci yabo. Ɗayan kuwa ita ce na'urar harba ƙwayoyin zarra da ke cibiyar CERD a Jami'ar Obafemi Awolowo, Ile-Ife, wadda aka ƙaddamar a 2008. A kanta wannan wasiƙa take.

Ku kun san na'urar, amma ku yi mana haƙuri mu ɗan bayyana ta saboda sauran masu karatu. Samfurin Pelletron ce, ƙirar wani kamfani da ke Jihar Wisconsin ta Amurka. Wani tanki ne na ƙarfe a kwance, an cika shi da gas mai hana wutar lantarki tsallakawa, a tsakiyarsa kuma akwai wurin da ake tara caji har ya kai bolt miliyan 1.7. Wata sarƙa ta gutsattsarin ƙarfe da aka haɗa da roba mai ƙarfi ce take zagayawa tana jigilar cajin zuwa can. Daga bakin tankin sai a sako ƙwayoyin haidurojin ko hiliyam waɗanda aka ɗora wa ƙarin ilektoron. Cajin da ke tsakiya ya fizgo su a guje, suna isowa a tuɓe musu ilektoron ɗin, sai abin da ya jawo su ya koma yana tunkuɗa su gaba. Da haka wuta guda take aiki sau biyu. Ƙwayar furoton, wato ta haidurojin da aka tuɓe wa ilektoron, kan fito tana gudun sama da kilomita 20,000 a sakan ɗaya, maganaɗisu ya karkata ta cikin bututun da aka zuƙe wa iska, ta je ta daki abin da ake son aunawa.

A nan amfanin yake. Idan furoton ya daki ƙasa ko ƙura ko garin ganye, kowane sinadari da ke ciki yakan fitar da hasken eksire irin nasa shi kaɗai: dalma da nata, ƙarfe da nasa, tagulla da tata. Na'ura ta ƙirga hasken, cikin 'yan mintoci a ga sinadarai masu yawa a lokaci guda, har wanda bai wuce 'yan kaso cikin miliyan ba. Wannan ita ce hanyar da ake kira PIXE, wadda masana a Lund ta ƙasar Suwidin suka fito da ita a 1970. Ba a narka samfurin da asid, ba ya kuma ƙarewa, gobe ana iya sake auna shi. Akwai kuma hanyar RBS, inda ake lura da ƙwayoyin da suka daki abu suka yiwo baya, a gane kaurin siririn shafi irin wanda ake yi wa farantin sola. Ghana tana da irin wannan na'ura a Kwabenya kusa da Accra. Faransa ta ajiye 'yar'uwarta a ƙarƙashin gidan tarihi na Louvre tun ƙarshen shekarun 1980, ba ta da wani aiki sai binciken kayan tarihi.

Kokenmu na farko shi ne hanyar da ɗalibi zai bi ya isa gare ta. Daga Kano zuwa Ife tafiyar yini guda ce cur idan hanya ta yi kyau, balle daga Sakkwato ko Maiduguri. Kowane samfuri da kuɗinsa, kuma ba laifin cibiyar ba ne, tunda ita ma da kuɗi take tayar da na'urar. Tallafin binciken TETFund, wato asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, kuwa malamai yake kaiwa, ɗalibin da ba ma'aikacin jami'a ba ne da aljihunsa ko na mahaifinsa yake. To ga abin da ke faruwa a ƙasa. Na taɓa duba aikin wata ɗaliba da ke binciken alayyafo da latas da ake nomawa da ruwan da ya ratso masana'antu. Ta yi aikinta da tsabta: ta shanya ganyen a inuwa, ta daka shi a turmin ɗakin gwaji, ta zuba kowane a 'yar ledarsa ta rubuta lamba. Da aka yi lissafin kuɗin awo da na mota da na masauki, sai ta rage samfuran zuwa abin da aljihu zai ɗauka, ta fasa tafiyar gaba ɗaya. Ta kai kwalin tasha ta ba direba. Da ta leƙa but ɗin motar sai ta ga an ajiye kwalin kusa da tsohon batir da jarkar mai, ita da take neman ɓurɓushin dalma a cikin ganye! Ta roƙi direban ya mayar da shi gaba, ya ce sai ta biya kuɗin kujera. Bayan makonni sakamakon ya iso mata ta WhatsApp, jerin lambobi a teburi. Ranar kare kundinta malamin da aka gayyato daga waje ya tambaye ta ƙarfin furoton ɗin da aka harba wa samfuranta, da yadda aka tabbatar na'urar tana auna daidai. Ta yi shiru. Yarinyar tana da ƙwaƙwalwa, amma ba ta taɓa ganin ɗakin da aka yi awon ba.

Irinta suna da yawa. Muna yaye masu digiri da suka rubuta babi guda a kan PIXE, su zana tankin da sarƙar daga littafi, alhali ba su taɓa jin ƙarar famfon zuƙe iska ba, tamkar mai lasin tuƙi da bai taɓa riƙe sitiyari ba. Ga kuma illar da ta fi wannan: binciken da aka rage wa samfura saboda talauci ba ya iya yanke hukunci. Ba za a je wa kwamishinan muhalli da sakamakon leda biyar a ce ya rufe magudanar ruwa ba. Kuɗin iyaye ya tafi, an sami digiri, alayyafon kuma yana nan a kasuwa.

Koke na biyu shi ne abin da na'urar ke ci kafin ta tashi. Duk wanda ya yi aiki da irinta ya san ba ta son a ɗauke mata wuta. Dole bututunta ya zauna babu iska a ciki dare da rana. In wuta ta yanke famfunan suka tsaya, sai an ɗauki lokaci kafin a dawo da shi yadda yake. Cajin ma a hankali ake ɗaga shi, mataki-mataki, in aka yi gaggawa wuta ta yi tsalle a cikin tankin ta lalata kaya. Irin na'urar ƙirga hasken da aka saba amfani da ita sai da ruwan naiturojin mai tsananin sanyi. Gas ɗin tankin daga waje ake sayo shi, kayan gyara ma haka, duk da dala. Mun kuma san halin wutar ƙasar nan, da yadda babban layin kan durƙushe, da inda farashin dizal ya kai. Matuƙar ba a ware wa waɗannan kuɗi na dindindin a kasafi ba, a wuyan mai kawo samfuri za su ƙare, wato ɗalibin nan dai. Sai maganar mutane. Injiniyan da ya san na'urar ciki da bai, wanda in ya ji sauti ya canja ya san inda matsalar take, ba a samunsa da takardar ɗaukar aiki, shekaru ake yi ana renonsa a gindinta. Waɗanda aka horar lokacin da aka kafa ta suna manyanta, matasa masu wannan hannu kuwa ƙasashen waje na zawarcinsu. Idan babu magada a bayansu, ranar da suka ajiye aiki na'urar za ta zama abin nuna wa baƙi.

Koke na uku shi ne ya fi ci mana rai, wato rashin haɗa wannan kayan aiki da masifun da ke gabanmu. Ba mu manta da Zamfara ba. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta duniya ta MSF suka lura yara ƙanana suna mutuwa fiye da ƙima a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Dutsen da ake fasawa a nemi zinare cike yake da dalma. A cikin gidaje ake daka shi, ana niƙa shi da injin niƙan hatsi, ƙurar ta bi tsakar gida da tabarmi da hannun mai rarrafe. Aƙalla yara 400 suka rasu, dubbai suka kamu. A wasu wurare an auna dalma sama da kaso 100,000 cikin miliyan a ƙasar da yara ke wasa a kai, wato fiye da kashi 10 cikin 100, alhali iyakar da Amurka ta gindaya wa irin wannan wuri a wancan lokacin kaso 400 ce. Bagega da ke ƙaramar hukumar Anka kuwa sai a 2013 aka kai ga share mata gurɓatacciyar ƙasar, bayan an sha kiraye-kiraye kafin a saki kuɗin. A 2015 abin ya sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja.

Za a iya cewa ai ba a buƙatar babbar na'ura kafin a gano dalma mai yawa haka, kuma gaskiya ne. Ƙwararrun da suka zo daga waje a lokacin, da 'yar na'urar eksire ta hannu suka riƙa bin gida-gida. Amma wannan aikin kashe gobara ne. Abin da muke magana a kai shi ne sa ido na shekara da shekaru, kafin a fara binne yara. Haƙar ma'adinai ba ta tsaya ba, sai ma ƙaruwa da ta yi a Zamfara da Neja da Kebbi da Kaduna da Nasarawa. Wa ke ɗibar ƙurar iskar waɗannan garuruwa a kai a kai? Ƙurar da ke maƙalewa a jikin 'yar takardar tace iska ba ta kai a sa ta a sikeli na gari ba, kuma irin wannan ɗan mitsitsin samfuri shi ne inda PIXE ta yi fice. Da ita ake rarrabe hazon hunturu da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na arewacin Chadi, wanda galibinsa sinadaran ƙasa ne irin su silikon da alminiyam da ƙarfe, daga hayaƙin ƙona bola da narka tsohon batir, mai ɗauke da dalma da tutiya. Likita yana ganin tari ne kawai, amma hukumar da za ta ɗauki mataki tana buƙatar sanin tushen ƙurar.

Akwai wani abin lura da ya sa ba ma yarda a ce mana ai ga injin Zariya kusa da ku. Injin Zariya da wasu ƙwayoyin zarra marasa caji da ake kira niyutoron yake awo, kuma yana da ƙarfi ƙwarai wajen gano sinadarai irin su asenik da zinare da kuromiyam. Sai dai dalma tana cikin waɗanda wannan hanya ba ta gani sosai. Abin da Zariya ba ta gani Ife na gani, abin da Ife ke gani da ƙyar Zariya na gani sarai. Ƙasar da ta mallaki biyun ta yi sa'a, da a ce samfuri ɗaya zai riƙa bi ta duka biyun a ƙarƙashin shiri guda. Ga ruwan majemun Challawa da Sharada a Kano mai ɗauke da kuromiyam, ga kwallin da ake sa wa jarirai wanda aka san wani irinsa dutsen dalma ne, ga kanwa da magungunan gargajiya da ake sha ba a san ma'auninsu ba. Aiki ne da zai ciyar da na'urorin biyu shekaru.

Malamanmu na tarihi ma sun ce a isar da nasu. Akwai rubuce-rubucen ajami da na Larabci jibge a Gidan Arewa da ke Kaduna da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato da gidajen malamai. Da furoton ana iya bambanta tawadar gawayi da ƙaro daga ta bagaruwa da ƙarfe ba tare da an yanki takardar ba, a gane ko hannu ɗaya ne ya rubuta littafi ko an yi masa ƙari daga baya. Kwalekwalen Dufuna da aka gano a 1987 a inda yake Jihar Yobe yanzu, sai da aka kai gutsurensa Jamus kafin aka san ya kai kimanin shekara 8,000. Na'urar Ife ba a tsara ta don auna shekarun abu ba, mun sani, amma Afirka ta Kudu ta buɗe mai yin wannan aiki a Johannesburg a 2014.

Koke na ƙarshe ya tsallaka iyaka. Akwai binciken da sai da babbar na'urar da ake kira sinkirotoron, inda ilektoron ke zagaya zobe yana fitar da haske mai tsananin ƙarfi da ake ganin ƙirar furotin na ƙwayar cuta da shi. Duniya tana da kusan 50, Afirka ba ta da ko ɗaya. Tun taron da aka yi a Grenoble ta Faransa a 2015 masanan nahiyar ke fafutukar a gina ta. Kafin nan wasu sun nemi ƙofa: Afirka ta Kudu ta shiga cibiyar sinkirotoron ta Turai mai suna ESRF a 2013, Masar kuma mamba ce a wata irinta mai suna SESAME, wadda aka buɗe a Allan ta ƙasar Jodan a watan Mayun 2017. Iran da Isra'ila da Falasɗinu da Turkiyya da Pakistan duk suna zama teburi ɗaya a SESAME. Tun 2019 kuma da hasken rana take aiki kacokan. Idan zoben SESAME da kewayensa ya kai mita 133 zai rayu da sola, ba mu ga dalilin da ƙaramar na'urarmu za ta dogara da dizal ba.

Ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo. Ba mu ce a gina mana sabuwar na'ura a Arewa gobe ba. Wasu cikinmu sun so a sa wannan, amma mafi yawanmu muna ganin sayen ta biyu kafin a tsaya wa ta farko ɓarnar kuɗi ce.

Muna roƙon a ayyana na'urar Ife da injin Zariya a matsayin kayan aikin ƙasa na kowa da kowa, a tafiyar da su yadda ake yi a manyan cibiyoyin duniya. Sau biyu a shekara a yi shela, mai bincike daga kowace jami'a ya rubuto abin da yake son aunawa da dalilinsa, kwamitin masana ya tace, wanda ya cancanta a ba shi sa'o'insa kyauta bisa sharaɗin ya wallafa sakamakon. TETFund ta biya cibiyoyin kuɗin sa'o'in kai tsaye, ta kuma ɗauki nauyin mota da masaukin ɗalibi, ko ma'aikaci ne ko ba ma'aikaci ba, domin ya je da kansa ya ɗora samfurinsa ya zauna gaban kwamfuta ya ga hasken na taruwa. Ɗan Ibadan da ke buƙatar Zariya shi ma a yi masa haka.

Muna roƙon a kafa wa cibiyar Ife wutar sola da batura masu riƙe famfunan dare da rana, a kuma sa kuɗin gas da ruwan naiturojin da kayan gyara a kasafin kowace shekara da sunansu, kada su ɓace a cikin kuɗin gudanarwa. A ɗauki matasan injiniyoyi da masu fasaha daga kowace shiyya, su zauna ƙarƙashin waɗanda ke riƙe da na'urar yanzu, da albashin da zai sa su tsaya.

Muna roƙon Hukumar Makamashin Nukiliya ta haɗa kai da ma'aikatun muhalli da lafiya da ma'adinai na jihohin da ake haƙa, a kafa shirin ɗibar ƙasa da ruwa da ƙura a kan lokaci. Jami'ar da ke kusa ta ɗebo, a samar da akwatuna da hanyar aikawa ta musamman, a auna a Ife da Zariya, a kuma fitar da sakamakon da harshen da mai unguwa zai gane. A ware kuɗi kuma don masu bincikenmu su riƙa neman sa'o'i a SESAME da ESRF, Najeriya ta sa hannunta da aljihunta a yunƙurin gina sinkirotoron na Afirka.

Sannan a riƙa wallafa rahoto kowace shekara: sa'o'i nawa kowace na'ura ta yi tana aiki, kwana nawa ta tsaya da dalilin tsayawar, ɗalibai nawa suka shiga ɗakin kuma daga waɗanne jami'o'i. Wannan ba ya cin kuɗi, kuma da shi ne 'yan majalisa za su san abin da suke ware wa kuɗi. A shirye muke mu turo wakilai Abuja da rubutaccen tsarin yadda shelar da tacewar za su kasance, muna fatan a kira mu kafin a rufe shirin kasafin shekara mai zuwa.

Allah Ya taimake ku a kan amanar da aka ɗora muku. Wassalam.

Naku,
Malamin fiziks, a madadin malamai da ɗaliban bincike na wasu jami'o'in Arewa